Aikin ofis daga tsakar gida: wace manhaja ce ta dace da uwa ma'aikaciya a Sule Tankarkar?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, zuwa wurin aiki ya zama abin da sai an zauna an yi masa lissafi. Matar da gidanta ke Sule Tankarkar amma ofishinta yana Gumel, ko wadda ke Gagarawa kuma aiki kan kai ta Dutse, ta san rabon da kuɗin mota ke ɗauka a albashinta tun kafin a kai ga cefane. A waccan shekarar har jihohin Kwara da Edo sun sanar da rage ranakun zuwa ofis su koma uku a mako saboda wannan matsin. Ga kuma uzurorin da babu ruwansu da fetur, waɗanda uwa ce ta fi sanin nauyinsu: yaro ya kwana da zazzaɓi, mai raino ta yi tafiya, ko ruwan Agusta ya cinye hanya. Sau da yawa kuma abin da ake nema a wurinki bai wuce takarda guda ba, sai dai tana cikin kwamfutar da ke girke a kan teburinki na ofis.

Domin irin wannan ranar aka yi manhajojin shiga kwamfuta daga nesa. Ana saka manhajar a kwamfutar ofis, a saka 'yar'uwarta a wayarki ko a kwamfutarki ta tafi-da-gidanka, sai ki ga fuskar kwamfutar ofis ɗin a gabanki. Ki buɗe fayil, ki gyara lissafi, ki tura wasiƙa, har ki umarci firintar ofis ta fitar da takarda masinja ya ɗauka. Sunaye huɗu aka fi ji: Chrome Remote Desktop, AnyDesk, TeamViewer, da kuma wadda kamfanin Microsoft ya gina a cikin Windows. Kowa da wadda yake yabo. To amma a ƙasar Gumel ba sunan manhaja ne farkon abin dubawa ba. Akwai abubuwan da ke gabansa, kuma su ne ke yanke hukuncin wadda za ki ɗauka.

Hoto ne ke zuwa, aikin yana can

Abin da ya kamata ki fara riƙewa shi ne, abin da ke isowa wayarki hoton fuskar kwamfutar ne kawai. Aikin duk a can ofis ake yin sa. Ke kina tura taɓin yatsa, ita tana maido miki da hoto, haka ake ta yi ba tsayawa. Daɗin wannan shi ne tsohuwar waya ma tana iya juya babbar manhajar lissafi da ba za ta taɓa ɗauka a kanta ba. Sai dai dole kwamfutar can ta kasance a kunne, ba ta yi barci ba, kuma tana da intanet. Da zarar ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, manhaja mafi tsada a duniya ba ta da abin da za ta nuna miki.

A Jamus da Amurka, inda aka ƙera waɗannan manhajoji, wannan ba abin tattaunawa ba ne. Mu kuwa da ke jiran wutar KEDCO a Jigawa da Kano da Katsina mun san yadda ake ciki. Ba a manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta bar yawancin Arewa cikin duhu kwana da kwanaki. Ofisoshi da dama janareto ake tayarwa da safe a kashe da an tashi. Inda ake da sola ma, mai gadi kan bi ya kashe komai kafin ya rufe ƙofa, kuma yana da gaskiya, tunda abin da aka umarce shi ke nan. Don haka tambayar farko ba ta Play Store ba ce, ta ofis ce: wa zai bar kwamfutar a kunne, da wace wuta, zuwa ƙarfe nawa?

Idan kwamfutar ofis ɗin ta tafi-da-gidanka ce, kin samu sauƙi, don batirinta zai riƙe ta idan aka ɗauke wuta. Ta girke kuwa tana mutuwa nan take, sai in an haɗa mata UPS, shi ma mintoci yake bayarwa ba awoyi ba. Kwamfutocin girke da yawa suna da wani saiti da ke sa su kunna kansu da an dawo da wuta. Mai gyaran da ya san aikinsa zai iya saita miki shi. A kuma cire mata saitin barci. Kada a manta da ɗan akwatin da ke ba ofis intanet, shi ma wuta yake so, kuma datarsa tana ƙarewa kamar ta kowa.

Maganar data ke nan. Wannan aikin ɓangare biyu yake ci, na ofis da naki, ga shi tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Yawan abin da za ki ƙona ya danganta da abin da ke motsi a fuskar kwamfutar. Takardar Word ko Excel ba ta cin data sosai, don hoton ba ya sauyawa da yawa. Bidiyo da hotuna kuwa su ne masu lashe ta. Kada ki dogara da ƙiyasin kowa. Ki duba ma'aunin data a saitin wayarki, ki yi aikin rabin awa, ki sake dubawa. Idan kuma gidanku yana garuruwan bakin iyaka, a Sule Tankarkar ko Maigatari, inda waya kan tsinci layin Nijar ba da saninki ba, ki tabbata kin rufe amfani da data a layin ƙetare.

Wataƙila ma ba ki buƙatarta

A ganina, mata da yawa da ke neman wannan manhaja ba ita ce maganin matsalarsu ba. Idan aikinki a shafin intanet yake, kamar ma'aikatan lafiya da ke shigar da rahoton wata a DHIS2, to babu dalilin ratsawa ta kwamfutar ofis. Ki buɗe shafin kai tsaye da sunanki da kalmar sirrinki. Idan kuma takardu ne 'yan kaɗan da kike gyarawa kullum, kamar jadawalin darasi ko lissafin shagon maigida na riɗi da zoɓo da ake rufewa bayan cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ajiye su a Google Drive ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ba sai an bar wata kwamfuta a kunne ba, kuma ana iya saita takarda ta buɗu ko da babu sabis, in ya dawo ta adana gyaran.

Manhajar shiga daga nesa tana da amfani ne idan akwai abin da ba ya motsawa daga kwamfutar: manhajar albashi ko ta lissafin kuɗi da aka saka a na'ura guda, rumbun sakamakon ɗalibai, ko fayilolin da ofis ya hana a kwafa a filash.

Izini kafin komai

Kwamfutar ofis ba taki ba ce, ko da ke kaɗai ke zama a gabanta. Saka mata irin wannan manhaja tamkar fasa sabuwar ƙofa ce a bayan ofis, makullin kuma yana jakarki. Idan kin yi haka ba da sanin shugabanki ba, ranar da wani abu ya ɓace ko ya fita, ke za a fara kallo, ko da ba ta hanyarki ya bi ba. Tun watan Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC mai sa ido a kanta. Sunayen marasa lafiya, albashin ma'aikata, lambobin BVN da NIN, sakamakon 'ya'yan mutane, duk amana ce da doka ta ɗora wa wurin aikin. Ki nemi izini, kuma ki same shi a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne daga oga da za ki adana. Idan wurin yana da mai kula da kwamfutoci, shi ya kamata ya saka da hannunsa. Bankuna da manyan ƙungiyoyi galibi suna da tasu hanyar, kuma sun haramta kowace daban. A nan babu wani zaɓi, tasu za ki bi.

To wacce za a ɗauka?

Ga ƙaramin ofis, makarantar kuɗi, kemis ko shagon iyali, Chrome Remote Desktop na fi ba da shawara. Ta Google ce, ta fito tun 2011, kuma kyauta ce ba tare da an tambaye ki ko aikin kuɗi kike yi ba. A kwamfutar ofis za a buɗe Chrome, a shiga remotedesktop.google.com da asusunki na Google, a sauke ɗan abin da ta nema, a ba kwamfutar suna, sannan ki zaɓi lambar sirri da ba ta gaza lambobi shida ba. A waya kuma ki shiga da wannan asusun, sai ki ga sunan kwamfutar, ki taɓa, ki saka lambar. Ba ta da kayan ƙawa da yawa, amma abin da uwa ke so a daren da ake jiran rahoto shi ne abin da zai buɗu ba gardama. Aibinta guda da ya kamata ki sani: in ba an yi mata saiti na musamman ba, duk abin da kike yi daga gida yana bayyana a fuskar kwamfutar ofis. Wanda ya shigo ɗakin zai ga linzami yana yawo shi kaɗai, zai kuma ga takardar albashin da kika buɗe. Mafita mai sauƙi ita ce a kashe allon a bar kwamfutar tana aiki, a kuma kulle ɗakin.

AnyDesk da TeamViewer duka na kamfanonin Jamus ne. TeamViewer ta girme, tun 2005 take. AnyDesk ta zo a 2014. AnyDesk ba ta da nauyi wajen saukewa, kuma an san ta da juriya idan sabis ya yi rauni, abin da ya sa masu gyaran kwamfuta ke son ta. Amma ga inda gizo ke saƙar: kyautar da suke bayarwa ta amfanin kai ce, kamar ki taimaka wa ƙanwarki da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Gumel ta gyara wani abu a kwamfutarta. Shiga kwamfutar wurin aiki kuwa, a ƙa'idarsu, amfanin kasuwanci ne, kuma sai da lasisin da ake biya. TeamViewer ta yi suna wajen gano haka. Idan ta zarge ki, sai ta riƙa katse ki bayan 'yan mintoci. Idan ofis zai biya, madalla, manhajoji ne masu kyau. Idan ba zai biya ba, kada ki ɗora aikin ƙarshen wata a kan abin da zai iya rufe miki ƙofa a tsakiya. Kada kuma ki yarda wani ya tura miki wadda aka ce an fasa ta zama kyauta. Manhajar da aikinta shi ne buɗe kwamfuta ga na nesa, ita ce ta ƙarshe da za a karɓa daga hannun da ba a sani ba.

Ta Microsoft ɗin ita ce mafi tsafta wajen aiki, domin da kin shiga sai ta kulle fuskar kwamfutar ofis, babu mai ganin abin da kike yi. Sai dai tana da sharuɗɗa. Dole kwamfutar ofis ta kasance da Windows Pro ko na manyan ma'aikatu. Mai Windows Home ba ta karɓar baƙo ta wannan hanya. Kuma an yi ta ne don kwamfutocin da ke layi guda a cikin ofis. Kafin ta yi aiki daga gida sai an haɗa mata VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya tsakanin wayarki da ofis. Wasu masu gyara kan bi gajeriyar hanya su buɗe ta kai tsaye ga intanet. Kada ki yarda. Masu kutse suna da na'urorin da ke zagaye intanet dare da rana suna neman irin wannan ƙofar, kuma tana cikin manyan hanyoyin da ake bi a kulle wa ma'aikatu fayiloli a nemi kuɗin fansa. Wannan ta wurin da ke da ma'aikacin kwamfuta na dindindin ce.

Babu wadda ta fi ƙarfin matsala. A Fabrairun 2024 kamfanin AnyDesk ya sanar cewa an yi kutse a na'urorinsa, ya kuma nemi jama'a su sauya kalmar sirri su sauke sabon zubi. A Yunin wannan shekarar TeamViewer ma ya sanar da kutse a na'urorin cikin gidansa. Darasin da ke ciki ɗaya ne: duk wadda kika ɗauka, idan ta nemi a sabunta ta, a sabunta. Haka ita ma kwamfutar ofis ɗin. Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, kuma ofisoshinmu cike suke da ita.

Wayar da ke yawo a hannun yara

Nan ne maganar ta fi shafar mu. Masu rubuta bayanin waɗannan manhajoji suna ɗauka waya ta mutum ɗaya ce. A gidajenmu kuwa wayar Umma ta kowa ce. Autan gida yana kallon katun da ita don a samu a sauke tukunya, babbar tana duba aikin makaranta, maƙwabciya ta aro ta kira ɗanta, da yamma kuma a aika yaro ya kai ta shagon caji ta yi awa biyu a can. Ranar da kika saka manhajar nan, duk waɗannan hannayen sun zo kusa da kwamfutar ofishinku. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya buƙatar mugun nufi kafin ya goge fayil. Yatsa kawai yake buƙata.

Don haka idan manhajar ta tambaye ki ko ta riƙe lambar sirrin don kada ki sake sakawa, ki ce a'a. Wahalar danna lambobi shida ba ta kai ta bayani a gaban kwamiti ba. Lambar kuma kada ta zama wadda ake buɗe wayar da ita, don wannan yara sun haddace ta tuntuni, kada kuma ta zama shekarar haihuwar wani a gidan. Wayoyi da yawa, har da Tecno da Infinix, suna da makullin manhaja a cikin saiti. Ki kulle wannan da shi. Ki kunna tabbaci mai mataki biyu a asusunki na Google, ta yadda wanda ya san kalmar sirrinki ma ba zai shiga daga wata waya ba. Idan kin gama aiki ki katse haɗin da kanki, kada ki danna waya kawai ki ajiye. Idan kuwa wayar ta ɓata ko an sace, kafin ki fara jimamin hotunan suna da na biki, ki ari wata ki shiga asusunki ki fitar da waccan wayar, sannan ki kira ofis a kashe kwamfutar har a sauya lamba.

Fuskar waya ƙarama ce, gaskiya, kuma Excel a kanta gwajin haƙuri ne. Ki kwantar da wayar a kaikaice. Idan aikin na yau da kullum ne, ɗan wayar OTG da ake sayarwa a shagunan kayan waya yana ba ki damar haɗa linzami ko allon rubutu, kuma bambancin ba kaɗan ba ne.

Mai kira daga “banki”

Waɗannan manhajojin dai su ne 'yan damfara ke amfani da su, kuma ya kamata kowace mace ta san salon ko da ba ta aikin ofis. Za a kira ki da murya mai ladabi, a ce daga bankinku ne, ko daga masu rabon tallafi, an ga matsala a asusunki. Sai a ce ki sauke wata 'yar manhaja don a gyara miki, ki karanto lambar da ta nuna, ki danna amincewa. Daga nan yana ganin fuskar wayarki kamar yadda kike ganin ta ofis, har da lambar da banki ke turowa ta saƙo. Abin ya yi ƙamari a Indiya har babban bankin ƙasar ya fitar da gargaɗi a kai a 2019. Ba laifin manhajar ba ne, aikinta ta yi. Banki ba ya cewa ki sauke AnyDesk ko TeamViewer. Wanda duk ya kira ki da kansa ya nemi haka, ki kashe wayar. Ki kuma gaya wa su Hajiya da 'yanmatan gidan.

Hutun da ba a so ya zama aiki

Akwai wani abu da ba a rubuta shi a jikin kowace manhaja ba. Ranar da ofis ya san kina iya shiga kwamfuta daga ɗakinki, uzurin “sai na shigo gobe” ya ƙare. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mace mako 12 na hutun haihuwa, shida kafin ta sauka shida bayan ta sauka, wasu ma'aikatun ma suna ba da fiye da haka. Ba a ba da shi don mai jego ta riƙa haɗa takardar albashi da jariri a cinya ba. Taimakon rana ɗaya don fitar da abokan aiki daga kunya abu ne mai kyau, amma irin wannan taimakon yana da saurin zama al'ada, sai ki ga ana kiranki bayan isha'i.

Lokacin da kike neman izinin nan a rubuce, a nan ne ya dace a yanke sauran maganar: waɗanne ranaku, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, wa zai sayi data, kuma shin ranar da kika yi aiki daga gida za a lissafa ta a matsayin ranar aiki. Idan za ki tafi hutun haihuwa, ki miƙa aikin ga wanda zai riƙe, ki nuna masa inda komai yake, sannan ki cire kwamfutar daga jerin da ke asusunki. Mayar da ita ranar da kika dawo ba ya ɗaukar minti goma.

Kafin ki dogara da ita kuma, ki gwada ta a ranar da babu abin gaggawa. Ki bar wata abokiyar aiki a gaban kwamfutar, ki shiga daga gida a daidai lokacin da kike sa ran yin aiki, don sabis ɗin hantsi daban yake da na bayan magariba, lokacin da kowa ya hau intanet. Ki sa ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa, ki ga ko za ki iya komawa ba tare da an taɓa miki komai ba. Idan ba ki iya ba, a kira mai gyara tun ƙarshen wata bai zo ba.